Sunayen da Muka Rubuta a Bayan Ƙuri'a

Auta tana aji uku na gane cewa ba ta iya karatu ba. Ba malamai ne suka gaya mini ba, ni na kama ta da kaina. Kullum da yamma takan ɗauko littafin da aka ba ta a makaranta ta zauna ta rera shi tiryan-tiryan, ni kuma ina kicin ina jin daɗi, har ina gaya wa babanta cewa wannan ce likitar gidan. Ranar da asiri ya tonu, na fito na tsaya a kanta da ludayi a hannu, sai na ga littafin a buɗe yake a shafin farko, ita kuwa bakinta ya kusa ƙarshen labarin. Ashe haddacewa take yi. Sau ɗaya za a karanta a aji ta kwashe shi duka a ka. Na ɗora yatsa a kan wata kalma mai harafi huɗu na ce ta faɗa mini. Ta dubi kalmar, ta dube ni, ta ce fitsari take ji.

Shekara bakwai na yi ina koyarwa a wata firamare a Kano kafin aure ya kawo ni Landan. 'Ya'yan mutane nawa na koya wa baƙi da wasali, ga tawa a gabana ba ta bambanta harafin da ya dubi dama da wanda ya dubi hagu. Kunya ce ta fara kama ni, ta juye ta zama fushi, kuma a kan yarinyar na sauke shi. Na yi mata tsawa har maƙwabta suka buga bango. Na ce mata malalaciya, na ce mata 'yar wasa. Har yau idan na tuna yadda ta riƙe littafin nan a ƙirji tana kallona sai in ji ba na son kaina.

Makarantar tasu ta gwamnati ce, tafiyar minti goma daga gidanmu a bayan Stratford. Da na je na kai ƙorafi, sai aka haɗa auta da wata malama da aikinta ke nan, koyar da yaran da karatu ya yi musu gardama. Dattijuwa ce mai furfura, ba ta da aji nata. Wani ɗan ɗaki aka ba ta wanda da can ake ajiye tsintsiya da bokiti, ta sa tebur ɗaya da kujeru huɗu. Safiya uku a mako take ɗauko auta daga aji. Abin da ya fara ba ni haushi da ita shi ne farantin yashi. Tana da wani faranti mai faɗi cike da yashi, yaro zai zana harafi da yatsa a ciki yana faɗin sautinsa, ya share, ya sake. Na ce a raina, na baro inda ake rubutu a ƙasa saboda babu allo, na zo Turai an mayar da 'yata wasan ƙasa.

Wata biyar da farawa, muna fitowa daga tashar jirgin ƙasa ranar wata Asabar, auta ta ja ta tsaya cik a tsakiyar mutane. Ta ɗaga yatsa tana zana wani abu a iska, leɓenta na motsi. Mutane na ture mu, ni ina jan hannunta ina faɗa. Sai ta karanta mini rubutun da ke nuna hanyar fita, kalma biyu, ba wanda ya karanta mata su a baya. Na tsuguna a wurin na rungume ta ina kuka, wani Bature ya tambaye ni ko a kira motar asibiti.

Tana aji huɗu, bayan hutun Kirsimeti, malamar ta tare ni a bakin ƙofa ta ce in zo gefe. Ta ce ba ta son in ji a bakin wani: da wuya ta kai ƙarshen shekara a bakin aikinta. Na ce me kika yi musu? Ta yi dariya ta ce ba ta yi komai ba, yara ne suka ragu. Ita ta fara fahimtar da ni yadda kuɗin makaranta yake a nan. Kowane yaro da kuɗinsa, ana ƙirga kawuna ne a ba makaranta gwargwadon abin da aka ƙirga. Unguwarmu kuwa haya ta fi ƙarfin mutane, council, wato ƙaramar hukumar yankin, sai kwashe iyalai take yi tana kai su garuruwan da ba mu taɓa jin sunansu ba. Duk iyalin da suka tashi sun tafi da kuɗin 'ya'yansu, amma wutar lantarki da ɗumama azuzuwa da rufin da ke yoyo suna nan yadda suke. Idan aka zo yanka, wanda ba shi da aji ake fara dubawa. Ta ce gwamnoni ne za su yanke maganar a zamansu na bazara.

Gwamnoni kuma? Nan ma sai da ta yi mini bayani. Kowace makaranta tana da wasu mutane da ke zama su amince da kasafin kuɗi, su duba sakamakon jarrabawa, su tuhumi shugabar makaranta idan ta kama. Su ake ce wa gwamnoni, amma babu jiniya, babu albashi, shayi ne kawai da biskit. Kujeru biyu daga ciki na iyayen yara ne, iyaye ke zaɓa, kuma ɗaya ta zama babu kowa tun kafin hutu. Ta ce takardar neman masu tsayawa tana cikin jakar auta. Na duba, tana nan kuwa, a dunƙule a ƙarƙashin ɓawon ayaba.

Baban yara direban bas ne, mutum ne da ba ya son hayaniya. Da na gaya masa zan tsaya, ko cokalinsa bai ajiye ba.

"Ke dai ba kya jin magana. Mutanen nan sun riga sun yi deciding, kawai so suke a ce an yi zaɓe."

Na ce, "To ka zauna kana kallo a mayar da 'yarka jahila."

Ya ce, "Ni ban hana ki ba. Amma kar ki zo kina fasa mana kwanuka idan an kayar da ke."

Wadda ta ɗauki abin da zafi fiye da ni ita ce Hajiya, maƙwabciyarmu ta hawa na biyu. Mutuniyar Kumasi ce, ta girme ni da kusan shekara goma sha biyar, tana riƙon jikokinta biyu a makarantar, tana kuma dafa wake da shinkafa irin na Gana ana saye a ƙarshen mako. Ba macen da ba ta sani ba a unguwar, daga 'yan Gana da mutanen Arewa har Somalawa da matan Bangaladash. Hausarta irin ta zango ce, mace da namiji duk "kai" ne a wurinta, na daɗe ina tsokanarta a kan haka kafin in saba.

"Kanwana, ka tsaya kawai," in ji ta. "Mu ne muke da yara a school ɗin nan. Su nawa ne? Wallahi sai ka ci."

Gaskiya ta faɗa, mu ne da yara. Abokin takarata mutum ɗaya ne, wani Bature siriri mai zuwa da keke, ɗansa yana ajin farko. Sun sayi gida a sababbin benayen da aka gina kusa da tasha. A takardar da aka raba, ya rubuta cewa aikinsa lissafin kuɗi ne kuma yana son ya taimaka. Ni kuwa na zauna na rubuta nawa bayanin sau shida ina yagawa, don ba a koya mana yabon kai ba. A ƙarshe na ce ni uwa ce, na taɓa koyarwa, ina son kowane yaro ya iya karatu. Hajiya ta ce wannan ai kamar ina neman gafara ne, amma ba komai, ita za ta yi sauran.

Ta yi kuwa. Mako biyu muka yi muna hawa bene muna sauka. Inda lif ya mutu mu taka da ƙafa, Hajiya tana haki tana zagin council. Muka tare mata a bakin makaranta da safe, muka bi su shagon nama, ranar Juma'a har masallacin Regent's Park muka je don akwai waɗanda sai can ake ganinsu. Da yawa ba su san ana zaɓen ba. Wasu sun ɗauka takardar ƙuri'ar da aka aiko musu ta neman kuɗin fita yawon yara ce suka jefar, sai da muka koma ofis aka ba su wata. Wata 'yar Sakkwato ta riƙe hannuna ta ce ɗanta ma ɗakin yashin nan yake zuwa, ita ba ta taɓa gaya wa kowa ba, har mijinta.

Yanzu ga inda na yi ɓarnar, kuma ni na yi ta, ba Hajiya ba, ko da yake ta daɗe tana ɗora wa kanta.

Lokacin da nake koyarwa a gida an taɓa ɗaukar mu aikin zaɓe, mu malamai. Na wuni a rana ina shafa wa mutane tawada a yatsa. Tsofaffi suka yi layi tun asuba. Da yamma, muna shirin ƙirga, wasu samari suka zo a babur suka ɗauke akwatin a gaban idona, ɗan sandan da ke wurin yana duban takalminsa. Washegari aka faɗi sakamakon rumfarmu a rediyo. Tun daga ranar na san abu ɗaya game da zaɓe: jefa ƙuri'a ba shi ne aiki ba, tsaron ta ne aiki. Sai ga akwatin da makaranta ta ajiye. Kwalin takardun ofis ne aka yanka masa baki da almakashi, aka ɗora a kan tebur a gaban ofishin sakatariya, ba kwaɗo ba mai gadi. Na ce lallai baban yara ya yi gaskiya, mutanen nan sun shirya mana.

Sai na tara matan a falon Hajiya na ba su umarni. Na ce kowacce idan ta yi alama a gaban sunana, ta juya bayan takardar ta rubuta cikakken sunanta da lambar wayarta, sannan ta sa a ambulan ta liƙe. Idan aka sace ko aka canza, muna da shaida, za mu kira kowa ta tsaya ta ce ga takardata. Suka ce wannan dabara ta yi. Wata yarinya cikinsu, matar wani ɗalibi, ta ɗaga hannu kamar a aji.

"Anti, ni fa na ga kamar an ce kar a rubuta komai a jiki. Yana bayan letter ɗin."

Na ce, "Ai dole su ce haka. Wa ya taɓa ganin ɓarawo ya ce a sa wa kaya alama?"

Aka yi dariya, yarinyar ta sauke hannunta. Wasiƙar da ta zo da takardar ƙuri'a shafi biyu ce, gaba da baya. Na karanta gaban. Bayan kuwa ko juyawa ban yi ba, don a ganina na fi su sanin zaɓe.

Ba mu tsaya nan ba. Hajiya ta tsara mata bibbiyu su riƙa zama a bencin da ke fuskantar kwalin, daga buɗe makaranta har tashi, kwana biyar. Suna zaune da jakunkunansu a cinya, sun zuba wa kwali ido. Sakatariyar, wata mata mai ƙiba da fara'a, ta fito ranar farko ta tambaye su ko akwai wanda suke jira. Suka ce a'a. Rana ta biyu ta kawo musu shayi. Ba wanda ya taɓa kwalin nan sai mai shara, shi ma ɗaga shi ya yi ya goge teburin ya mayar.

An yi ƙirgar ranar Juma'a bayan an tashi, a ɗakin karatun yara, muna zaune a kan kujerun da gwiwa ke kai wa ƙirji. Shugabar makaranta tana nan, da sakatariya, da ni, da Baturen da hular kekensa a hannu. An yarda kowa ya zo da mutum ɗaya, na zo da Hajiya, ta sha leshi kamar za ta ɗaurin aure. Shi ba wanda ya rako shi.

Sakatariya ta fara buɗe ambulan. Takardar farko ni aka zaɓa a ciki. Ta juya ta, ta tsaya, ta miƙa wa shugaba. Shugaba ta duba ta ajiye ta a gefe, ba a wurina ba, ba a wurinsa ba. Ta biyu ma haka, ta uku ma haka. Na ce lafiya? Shugaba ta cire tabarau ta ce, cikin wannan muryar tasu mai laushi da ke sa mutum ya ji kamar ya yi ihu, duk takardar da aka yi wa alamar da za a gane mai ita ta lalace, doka ce, kuma an rubuta a wasiƙa. Ta ɗauko wasiƙar ta juya bayanta ta nuna mini. Da manyan baƙaƙe aka rubuta, har an ja layi a ƙasa.

Na miƙe tsaye. Na ce wannan zalunci ne, ga sunayen mutane, ga lambobinsu, a kira su ɗaya bayan ɗaya. Na ce dama na san za a yi haka. Na faɗi maganganu da yawa, wasu da Turanci wasu da Hausa, gara da ba su ji na Hausar ba. Baturen nan, Allah ya sani, shi ma cewa ya yi a ƙirga su, ai a fili yake wa mutane suke so. Shugaba ta ce ba ta da ikon haka, idan ta yi, duk wanda ya kai ƙara za a rushe zaɓen. Hajiya ta ja zanena ta ce in zauna.

Na zauna ina kallo ana tara su. Matan ba su tsaya a suna da lamba ba. Kusan kowacce ta ƙara da addu'a. Allah ya ba da nasara. Allah ya kunyata maƙiya. Wata ta rubuta Bisimilla da ajami a saman takardar. 'Yar Sakkwaton nan ta rubuta sunan ɗanta a ƙarƙashin nata, ta ja masa layi. Sakatariya ba ta san me suke cewa ba, amma tana ajiye su a hankali, tana daidaita gefensu da tafin hannu. Tulin da aka ware ya ninka na mutumin, ya yi saura. Ƙuri'u masu kyau da na samu ba su cika tafin hannu ba, kuma na san ɗaya ta yarinyar da na yi wa dariya ce.

Muka taho gida ni da Hajiya har ƙofar bene. Sai ta ce, "Da ni ya iya karatu, da na gani." Na ce Hajiya ki bari, ni na iya, me ya hana ni? Baban yara kuwa da ya ji bai ce ai na gaya miki ba. Da ya faɗa ma da ya fi mini sauƙi, don da na sami wanda zan yi faɗa da shi. Tashi ya yi ya dafa wa yara taliya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba wanda ya cuce mu. Na so a ce an cuce mu. Da sata aka yi, na san yadda ake fushi da ɓarawo, na iya wannan tun ina budurwa. Amma kwalin nan yana zaune tsakani da Allah, ni ce na zo da tsoron da na ɗauko daga wata ƙasa na zuba a cikinsa.

Gwamnoni suka yi zamansu na bazara. Na ji an ce kowane uba ko uwa yana da ikon ya nemi ganin bayanan taron, sai na je na nema. Sakatariya ta ba ni a cikin fayil, na zauna a bencin da matanmu suka yi gadi na karanta, wannan karon gaba da baya. An yi shafi guda a kan rufin da ke yoyo. An yi rabin shafi a kan inda malamai za su riƙa ajiye mota. Maganar da ta kai ni layi biyu ce: an gabatar da tsarin rage ma'aikata, an amince, sauran bayani na sirri ne. A ƙasa an rubuta cewa babu wanda ya yi tambaya.

Na haɗu da Baturen a bakin ƙofa bayan 'yan kwanaki. Shi ya fara gaishe ni, yana ta murza hular keken. Na tambaye shi ko ya san ɗakin yashi. Ya ce wane ɗaki? Na gaya masa. Ya ce a takardar da aka ba su babu ɗaki babu suna, lambar matsayi ce kawai da abin da ake kashewa a kanta. Ya ce ko da ya sani, lissafin ba zai canza ba, in ba ita ba to wani ne. Wataƙila gaskiyarsa ce. Na sha gaya wa kaina cewa ko na ci, hannu ɗaya zan ɗaga a cikin goma sha wani abu, a kayar da ni a wuce. Amma da na faɗi sunan matar a ɗakin nan. Da na ce musu akwai wata yarinya da ta tsaya a tasha ta karanta kalma biyu. Da ba a rubuta cewa babu wanda ya yi tambaya ba.

Ranar ƙarshe ta malamar, ta ba auta farantin. Ta juye yashin a leda ta ɗaure, ta ce mini minti goma kullum, kar in ƙara, kuma kar in yi tsawa. Na yi alkawari. Na riƙe shi kusan wata biyu. Amma ni aikin kula da tsofaffi nake yi, ina dawowa ƙafata a kumbure, kuma haƙurin matar nan ba a ba ni shi ba. Auta za ta zana harafi daidai yau, gobe ta juya shi, jibi ta ce ba ta taɓa ganinsa ba. Wata rana na buga teburin, farantin ya kife, yashi ya shiga kafet. Ta tsuguna tana tattarawa da hannu ba ta yi kuka ba. Daga ranar idan na ɗauko farantin sai cikinta ya fara ciwo. Yana nan a saman kabad har yanzu.

Na nemi a yi mata gwajin da ake yi wa irin waɗannan yara, aka ce an sa ta a layi. Na tambayi tsawon layin, aka ce ba a sani ba. Na tambayi masu koyarwa na kuɗi, abin da suke karɓa a awa ɗaya ya fi abin da nake samu a awa uku. Muka gwada wata ɗaya muka bari. Auta tana aji biyar council ta kwashe Hajiya da jikokinta zuwa wani gari mai nisan awa uku a mota, kawuna biyu suka sake raguwa. 'Yar Sakkwato ta mayar da ɗanta gida wurin kakarsa. Da kujerar iyaye ta biyu ta zama babu kowa, an aiko da takarda sau biyu ba wanda ya tsaya. Ni ma ban tsaya ba, don babu sauran abin da zan je in kare.

A aji shida ake jarrabawar ƙarshen firamare, wadda da ita ake auna makaranta a buga sakamako kowa ya gani. Shekarun baya sakamakon ya yi ƙasa, an matsa wa shugaba lamba. Sai ga shi an sami kuɗin ƙarin darasi da safe, har da burodi da madara. Na yi murna na kai auta. Malamin ajinsu ya fito ya ce ba ta cikin jerin. Na ce wa ya fi ta buƙata? Yaro ne matashi, bai iya ɓoye magana ba tukuna. Ya ce darasin na waɗanda suka kusa kai makin ci ne, ɗan turi kaɗan suke so su haye. Ita ta yi nisa da layin. Bai ce ba ta da amfani a lissafinsu ba, amma na ji shi sarai.

Kafin jarrabawar da wata ɗaya shugaba ta kira ni. Ta ce sun duba, ba za su sa auta ta zauna jarrabawar karatu ba, don kar a wahalar da ita a banza. A wannan satin za ta riƙa taimaka wa 'yan ajin farko da fenti. Ban yi faɗan da na saba ba. Na san idan an ajiye mata takardar nan awa guda za ta yi tana kallon ta. Na ce to. Auta ta dawo gida kwana huɗu da fenti a hannun riga, tana cewa ita an zaɓe ta ne saboda ta iya da yara.

A makon ƙarshe na shekara na je ɗauko ta, sai na tarar an ɗaura wani dogon ƙyalle na roba a jikin shingen makaranta, ja da fari, da hoton yara suna tsalle. Sakamako ya fito, ya yi kyau, an taya 'yan aji shida murnar cewa ba a taɓa samun masu karatu irinsu ba. Iyaye na ɗaukar hoto a gabansa. Baturen yana wurin da kekensa, ya ɗaga mini hannu.

Auta ta fito da jakarta a kafaɗa ɗaya, ta kusa kai ni tsawo. Ta ga ƙyallen ta tsaya. Na ga yatsanta ya ɗaga kaɗan a gefen siket ɗinta, yana zana harafin farko a iska, leɓenta na motsi. Kalmar farkon doguwa ce. Ta yi harafi uku, sai 'yan ajinsu suka fito a guje suna ihu, ta yi sauri ta sa hannun a aljihu.

Sai da muka yi nisa, muka kusa tashar bas, ta tambaye ni da Turancinta, ba ta dube ni ba.

"Mama, me aka rubuta?"

Na ce, "An ce 'yan aji shida kun yi ƙoƙari."

Ta yi tafiya kaɗan. Ta ce, "Har da ni?"

Na ce mata ta yi sauri, ga bas ɗinmu can ya taho.